Muryarsa a Bakin Randa

A shekarar da man fetur ya yi wuya har motocin Ɗanbatta suka koma fita sau ɗaya a yini, maigidana ya tafi ci-rani Ikko. Aurenmu bai cika shekara biyu ba. Geron da muka samu bai taka kara ya karya ba, takin zamani kuwa sai dai mu ji labarinsa. Da aka gama girbi ya ɗaure kayansa a buhu, ya bar ni da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, da wansa da iyalinsa a ɗaya sashen gidan.

Ni a lokacin littattafan soyayya sun gama da ni. Na yi firamare, kuma ina da ƙawar da ke aro mini su daga birni, wasu ma ba bango. A cikinsu duk namijin da ya yi nisa da matarsa ramewa yake yi, ya daina cin abinci, ya wuni yana tagumi. Na ɗauka haka kowa yake yi.

Wata biyar ba labari. Sai wata Alhamis wani direban babbar mota ɗan garinmu ya aiko da ƙunshi, sabulu sanda biyu da kaset ɗaya. Maigidana bai iya rubutun boko ba, a can kuma ya tarar mutane sun daina neman mai rubuta musu wasiƙa, magana suke yi a kaset su aiko. A unguwarmu dai ba a taɓa kawo wa kowa irinsa ba.

Rikoda ɗaya ce a duk unguwar, ta Alhaji maƙwabcinmu, dattijo sa'an surukina marigayi. A cikin tawul yake naɗe ta, kuma karatun Alƙur'ani kaɗai yake sa mata. Batir ya yi tsada, saboda haka kullum da hantsi zai jera nasa a kan katanga su sha rana kamar an shanya kuɓewa. Kowa ya yarda rana tana mayar musu da ƙarfi.

Bayan la'asar ya shigo da ita da kansa. Aka shimfiɗa masa tabarma, Inna ta zauna kusa, wan maigidana ya tsuguna, mu mata muka tsaya daga bakin ɗaki. Ya yi bisimilla ya danna.

Muryar maigidana ce, babu shakka, amma ta yi nauyi, tana jan jiki, kamar mutum yana magana daga ƙasan rijiya. Sallamar kaɗai sai da ya yi ta a hawa uku. Ya gaida Inna, ya ce yana nan lafiya, kowace kalma da ƙyar take fita.

"Wannan ba muryar mai lafiya ba ce," in ji Inna.

"Ai ya ce lafiyarsa lau, Inna," in ji wansa.

"Me zai ce? Ubanku ma har ranar da ya cika lafiya lau yake cewa. Alhaji, don Allah kashe, ba zan iya ji ba."

Ya kashe. Wan maigidana ya sosa ƙeya, ya ce cikin ladabi, "Baba Alhaji, ko dai batir ne?"

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Batirin da ya sha rana tun hantsi? Jiya na ji karatu da shi, ƙira'a tana fita a natse, ba gaggawa."

Ba a musu da dattijo, balle wanda ya ɗauko kayansa ya kawo har gida. Kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa jin malamin nan na kaset ido da ido, balle mu san yadda muryarsa take. Mun ɗauka haka Allah ya yi shi, mai jan baƙi a hankali.

Kafin magariba an yanke shawara. Wansa zai bi shi Ikko ya ɗauko shi, kuɗin mota kuwa sai an sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarmu guda biyu. Hadari ya fara haɗowa ta gabas a kwanakin, kuma sa ɗaya ba ya jan garma. Inna ta ce gona ta kwana, ɗanta take so ta gani da rai. A kasuwar da ta zo ba a taya san da daraja ba a bakin dillalin da aka aika wa, sai aka ce a bari sai ta gaba.

Na yi kuka kwana uku. Amma tunda na ce zan faɗi gaskiya, a ƙarƙashin kukan akwai wani ɗan daɗi da nake jin kunyarsa har yau. Na ce a raina begena ne ya kwantar da shi. Kuma na san kaset ɗin bai ƙare ba. Na tabbata a can ƙarshe akwai kalaman da ya ajiye mini, na bankwana, irin waɗanda ake jiƙa filo da su. So nake in ji su ni kaɗai, ba a gaban Alhaji ba.

Ina da akuya, tawa ce ta kaina tun daga gidanmu. Na aika aka kira yayana, na danƙa masa ita, na kwatanta masa rikodar da na taɓa gani a ɗakin wata amarya, mai baki biyu, mai fitilu ja da kore da ke rawa idan ana kiɗa.

Ranar Litinin da azahar ya dawo da abu a buhun siminti. Da ya zazzage, sai ga wata tsohuwar rikoda baƙa, an ɗaure mariƙinta da waya, murfin kaset ɗin ma babu. Ga wata lasifika tsirara ba akwati, ga sababbin batura shida.

"Yaya, akuyar tawa ce wannan?"

"Ita ce, ranki ya daɗe. Har da canji."

"Ina fitilun?"

"Na bar su a Ɗanbatta suna rawa." Ya zauna ya sha ruwa. "Na ga irin taki, na ɗaga, ba nauyi kamar faifan tankaɗe. Sai wani tsohon mai gyaran rediyo ya yafito ni, ya ce samari, kallo za ku yi ko saurare? Ya ce fitilun nan batir suke sha, a wata biyu za ki dawo masa da ita tana cin zare. Ya miƙo mini wannan ya ce ɗaga ka ji. Ya sa mata sabon bel, robar nan da ke juya kaset, a gabana, ya gwada ta da kaset ɗin da ya ce ya san gudunsa kamar sunansa."

"Wannan kuma fa, murfin tukunya?"

"Ke dai kin cika karatun banza. Akwai randar da ba ruwa?"

Akwai wata da ta tsage a bayan ɗakina. Ya mirgino ta ciki, ya kifa lasifikar a bakinta, ya toshe gefe da tsumma, ya murɗa wayoyi biyu. Na ce ya fita. Ya ce sai ya ji ko tana aiki, akuya ba wasa ba ce.

Ya danna.

Sallama ɗaya, a tsaye, da sauri, da ɗan kaurin nan nasa na mutumin da ya ƙoshi. Randar ta ɗauki muryar ta cika ɗakin da ita, har na waiwaya bakin ƙofa. Ya gaida Inna, ya ce yana nan lafiya, na ji yana tauna wani abu. Daga gefe wani ya ce, "Ka faɗa musu wandonka ya daina shigarka," aka kwashe da dariya, shi ma yana yi.

Na zauna a ƙasa.

Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ban ji tasowarta ba, sai ganinta na yi a bakin ƙofa, gari har gwiwar hannu.

"Yaushe ya zo?"

"Kaset ɗin ne, Inna," in ji Yaya.

"Wane kaset? Wancan?"

Ya zare shi, ya zura biro a ramin ya juya don kada a ɓata batir, ya mayar daga farko. Ta saurara baki buɗe. Da aka zo wajen wando ta zauna a bakin gadona, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ja'iri," ta ce, tana share ido da gefen zane. "Ji yadda yake zuba kamar an biyo shi. Ƙara ƙarfinta."

Muka ji shi har ƙarshe. Ya yi maganar kai taki gona, da danga, da rufin ɗakin Inna da ke yoyo. Ya ce zai dawo da ruwan shuka. Nawa rabon ya zo a can ƙarshe, kamar yadda na zata, sai dai gajere ne. Ya ce a gaida mutanen ɗaki, kuma a ce mata ta rage karatun nan a duhu, ido ba shi da na canji.

Yaya ya dube ni. "To, ga kalaman. A kawo filo?"

Na jefe shi da mafici. Na ɗan ji haushi, ba zan ɓoye ba. Ashe wata biyar yana can yana cin abincinsa har da ƙari. Amma haushin bai kai ko'ina ba, don numfashin da na ja a lokacin rabona da irinsa tun ranar Alhamis ɗin nan.

Inna ta ce kada wanda ya faɗa wa Alhaji rikodarsa ce. Ta karɓi batura biyu daga nawa, ta ce ta ara, ta sa Yaya ya sayo cikon, aka kai wa Alhaji da kwanon fura a matsayin godiya. Bayan kwana biyu ya aiko cewa baturan zamani ba su da albarka, suna sa malam gaggawa.

A ranar Litinin ɗin dai wan maigidana yana bayan gida yana wanke san da za a kai kasuwa. Aka kira shi ya shigo hannu a jiƙe, ya tsuguna gaban randa, ya saurara sau biyu. Sannan ya miƙe ya ce bari ya je ya duba garmar, akwai ƙusar da ta kwance tun bara.