Kiran da Ya Same Ni a Ƙofar Banki

Ina tsaye a ƙofar wani banki a Funtua, takardar gonarmu ta Maska a aljihuna, sai wayata ta yi ƙara.

Bashin taki ne ya kai ni. Wurare uku na ciyo ta waya, kowa na matsa min. Ma'aikacin bankin ya ce za su biya duka ya koma bashi ɗaya, amma sai na jinginar da gonar.

Ina duba wayar na ga "Baba". Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, na kasa goge lambar.

Na ɗauka. Muryar wata dattijuwa ce.

"Ɗan nan, kai ne mai gona?"

"Inna, wa ke magana?"

"Ban san ka ba. Sabon layi na saya a Bakori. Kwana uku wani tsoho yana karanto min lambar nan a mafarki, wai in ce maka kada ka sa hannu."

Ashe layin Baba ne kamfanin waya ya sake sayarwa. Ban shiga bankin ba. Masarar da na ajiye na sayar, ina ta biya ɗaya bayan ɗaya.

Har yau tsikar jikina na tashi. Jama'a, da ku ne, za ku shiga bankin?