Zaren da Baba Ya Ɗinke Littafi da Shi

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe Juma'ar Istar nan ba, ranar da muke tuna mutuwar Yesu. Bayan yaƙin basasa ne da ɗan lokaci, a ƙauyenmu kusa da Manchok, ina budurwa mai rawar kai don na iya karatu.

Kafin Baba ya tuba, shi ne mai yanka wa dodo a danginmu. Da ya karɓi Yesu ya sayi Littafi Mai Tsarki a Kafanchan, aka karanta masa Tsohon Alkawari, ya ji jinin awaki da raguna ko'ina. Ya ce ai abin da ya guje wa ke nan. Ya ɗauki basilla ya ɗinke sashen kaf, ya rantse duk wanda ya tsinke zaren nan ya bar masa gida. Baba kuwa ba ya magana biyu.

Sai aka kawo mana sabon fasto, bai san zancen ba. Gara ta cinye nasa littafin, ya ari na Baba a cikin sujada, ya miƙo mini a gaban jama'a.

"'Yata, karanta mana Ishaya."

Wayyo Allah! Littafin Annabi Ishaya yana cikin ɗinkin. Ga Baba a bencin dattawa ya kafe ni da ido, ga Mama ta rufe baki da gefen zani. In na ƙi, na tona wa Baba asiri. In na buɗe, ina zan kwana? Har yau ban san abin da ya shige ni ba. Na sa haƙori na tsinke zaren.

Na karanta labarin wani bawan Allah da aka raunata saboda laifin wasu, aka ja shi mayanka kamar ɗan rago, bai ce uffan ba. Sai Baba ya miƙe. Na ce shi ke nan, tawa ta ƙare.

"Fasto, wannan Yesu ne. Me ya kai shi cikin tsohon?"

"Baba, an rubuta wannan tun ba a haife shi ba, da ɗaruruwan shekaru."

Baba ya juyo wajen jama'a.

"Akuya takan yi ihu a hannuna," in ji shi. "Rago kam shiru yake yi. Wanda ya rubuta wannan ya san yanka."

Da muka isa gida ya kira ni, wuƙa a hannunsa. Sai da Mama ta tura ni gabansa. Ya miƙo mini ita ta wajen ƙota.

"Kwance sauran. Ashe na ɗinke Yesu a ciki shekara goma sha biyu."

Tun ranar na koyi cewa kada tsoro ya sa ka rufe abin da ba ka karanta har ƙarshe ba. Mai yiwuwa wanda kake nema yana ciki.