Maza Goma Sha Tara na Tungar Yero

Duk wanda ya taɓa zuwa Batsari bincike da jaka a kafaɗa ya hau bayan babur ɗin Ɗanjummai, ko da ya manta sunansa, kuma galibi mantawa suke yi. Shekara ashirin da ɗoriya yana yi wa malaman jami'a jagora. Masu ƙirga shanu, masu auna ruwan rijiya, masu tambayar mata sau nawa suke ɗora tukunya a yini, duk shi ya nuna musu Ruma da Babban Duhu. Sakandare kawai ya gama, amma ya iya tambaya, ya san tsohon da in ba ka gaishe shi da gajiya da iyali da dabbobi ba, ko sunan gero ba zai faɗa maka ba. Su koma birni su zama dokta, su zama farfesa, shi yana nan yana facin taya. Can ƙasan maƙala, inda ba mai karantawa, sai a rubuta ana godiya ga mutanen gari. To, shi ne mutanen garin.

Asalinsa ɗan Tungar Yero ne, wani ɗan ƙauye a bakin dajin Ruma. Kakanninsa Maguzawa ne, ubansa ne ya musulunta. Sun bar tsafi, sun bar giya, amma akwai abu ɗaya da bai bar bakinsu ba: ba sa kiran mutuwa da sunanta. Kakarsa, wadda kowa ke ce wa Gwaggo, takan ce wanda ya ambace ta ya nuna mata ƙofa. Saboda haka a Tunga ba a cewa wane ya mutu, ba a ma cewa ya rasu. Sai a sauke murya a ce ya koma gida. Wanda ya ji muryar ya san gidan da ake nufi.

Wata Talata da hantsi, ana tsakar yankan dawa, 'yan bindiga suka shiga Tunga. Maza goma sha tara aka yi wa sutura, har da Salmanu, mijin Zinariya ƙanwar Ɗanjummai. Waɗanda suka rage suka kwashi 'ya'ya da tabarmi suka tare a wata firamare a Batsari, wata ƙungiyar agaji tana kawo musu hatsi.

Bayan wata huɗu Dokta Abdulrashid ya bugo waya. Malami ne a wata jami'a, sun daɗe suna aiki tare, kuma ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Maƙala ɗaya tal ta rage masa a mujallar ƙasar waje kafin a duba takardunsa na ƙarin girma, lokaci kuma ya ƙure. Hanya ba ta biyuwa, don haka ya aiko da jerin tambayoyi, ya ce Ɗanjummai ya zaga matan firamaren ya naɗi muryoyinsu a waya ya tura masa. Tambaya ta bakwai ita ce ina maigidan yake yanzu. Mata goma sha tara suka sunkuyar da kai suka ce ya koma gida. Zinariya ma haka ta faɗa, har wayar ta ɗauki ƙarar jan majinarta.

Da Dokta ya saurara, da ya gane, Bahaushe ne ɗan Bahaushe. Ina! Murya ɗari da arba'in, ga jarrabawar ɗalibai a gabansa. Sai ya zuba su a kwamfuta, ta rubuta, ta juya Turanci, ta jera masa a layi. Ita kuwa kwamfuta ba ta san an sauke murya ba. Masana biyu da mujallar ta sa su duba aikin, can inda ko rumbu ba su taɓa gani ba, suka yaba ƙwarai. Maƙala ta fito tana cewa magidanta goma sha tara na Tungar Yero sun koma gidajensu cikin wata huɗu, abin da ke nuna jarumtar manoman yankin.

Ɗanjummai bai ji labari ba sai bayan shekara guda, ranar da Dokta ya turo masa maƙalar a waya don ya taya shi murnar zama mataimakin farfesa. Yana zaune bakin kasuwa yana jan hoton da yatsa, Turancinsa na sakandare yana ɗingishi, sai ya iske taswira. Ga Tunga, ga rafin, ga ɗige-ɗige kore goma sha tara, kowane a kan gidansa. Ya gane na Salmanu, kusa da tsamiya. Rana tsaka ce, ana ta hayaniyar awo, shi kuwa yana ta ƙirga ɗige-ɗigen, don shi da hannunsa ya haƙa uku daga cikin kaburburan nan.

Ya kira Dokta ya faɗa masa. Dokta ya yi salati, ya yi rantsuwa zai gyara, kuma ya rubuta wa mujallar a ranar. Amsa ta dawo cikin minti ɗaya, ba mutum ne ya rubuta ta ba: an karɓi saƙonsa, kwamiti zai duba cikin wata shida. Kafin nan wasu masana goma sha ɗaya sun riga sun kafa hujja da maƙalar a nasu rubutun, kuma a jami'a da irin wannan ambaton ake auna darajar malami. Kowa ya ambata, sai matattun nan su ƙara zama daram a gidajensu. Wani ma ya rubuta cewa sun yi shuka.

Abin da Ɗanjummai ke tsoro kuwa bai jira wata shida ba. Ƙungiyar agajin ta karanta, ta sa Tungar Yero cikin garuruwan da mutane suka koma. Aka daina kawo hatsi firamare. Aka ce irin shuka da taki za a raba, amma a can Tunga, ga magidantan da suka koma, hannu da hannu. Saura mako uku ruwan shuka ya sauka. Ɗanjummai ya je ofishinsu sau huɗu. Suka saurare shi da mutunci, suka ce maganarsa abin dubawa ce, amma su da binciken da masana suka tantance suke aiki, ko yana da takarda? Yana da kaburbura goma sha tara, takarda ce dai ba shi da ita.

Ya roƙi Zinariya kada ta je. Ya ce ta dawo gidansa, ko kunu ne a sha tare. Ta ce Yaya, kai ma bakuna tara gare ka, ni da 'ya'ya huɗu ina za ka sa mu? Ta ce zaman firamare ba hatsi ai shi ma tafiya ce, a hankali dai.

Ranar rabo ya bi motar ƙungiyar a babur. Sun isa da azahar. Ciyawa ta cinye hanyar masallaci, ƙofofi a buɗe, babu ko kaza, tsamiya kaɗai ke motsi. Ma'aikacin ƙungiyar ya kafa tebur a inuwa, matan suka zauna gefe, ya buɗe takarda ya ɗaga murya.

"Salmanu Armaya'u!"

Kiran ya bi lunguna ya dawo. Ba wanda ya motsa. Ya sake kira. Sai Ɗanjummai ya ji an ce na'am, ƙasa-ƙasa, kuma wallahi da farko bai gane muryar ƙanwarsa ba ce. Ta taso ta ce ita ce matarsa. Ma'aikacin ya tambaya ko maigidan yana gida. Ta dubi bayan gari, inda tudun ƙasar suke a jere, ta ce yana gida. Ta dangwala yatsa a kan sunansa. Ɗaya bayan ɗaya aka kira sauran sha takwas, kowane ya amsa da bakin matarsa. Ɗanjummai na tsaye riƙe da babur, ya san in ya yi magana buhunan irin komawa za su yi. Rahoton ƙungiyar ya fito daga baya yana cewa an je an gani da ido, binciken gaskiya ne.

Zinariya ba ta biyo shi ba. Ita da mata shida suka share ɗakunansu suka zauna, tun da iri na hannu kuma ruwa ya sauka. Kowace Juma'a takan hau tudun bayan rafi, inda ake samun sabis ɗin waya, ta kira shi. Gero ya fito, ta ce, har ya kai gwiwa. Sai wata Juma'a ta wuce ba kira. Ta biyu ma ta wuce. 'Yan acaɓa suka ce hanyar Tunga ta rufe, ko an ba su kuɗin mota ba za su shiga ba. Shi ya gwada sau biyu, 'yan sa-kai suna maido shi daga Ruma.

Ana cikin haka Dokta ya kira. Kwamiti ya zauna, sun ce ya kawo sabuwar shaida daga bakin matan kafin su taɓa ko harafi ɗaya. Ya ce wannan karon da kunnensa zai saurara, a fara da Zinariya, tana ina?

Ɗanjummai ya buɗe baki, ya iske magana ɗaya ce kawai a harshensa, wadda Gwaggo ta bar musu.

"Ta koma gida, Dokta."

Sai Dokta ya yi tambayar da ta makara da kusan shekara biyu.

"Wane gidan, Malam Ɗanjummai?"

"Ni ma shi nake jira in ji," in ji shi. Ya ce Dokta ya yi haƙuri ya sauka daga layin, yau Juma'a ce, kada ta kira ta iske ana magana.