Baƙar Kwalbar Maƙwabcina

Ni da maƙwabcina ciwon suga ne ya ƙulla mana zumunci. Ni Bakano ne, shi mutumin Filato, Kirista, tsohon direban bus. Ƙofar flat ɗinsa na kallon tawa a hawa na biyu na wani gidan council, wato gidan hayar hukuma, a unguwar Plumstead, nan ƙasar Turawa. Mun daɗe ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa a matakala, har ranar da na shiga ɗakin jira na asibitin unguwa na tarar da shi zaune da 'yar kwalbar fitsari a hannu, ni ma ga tawa a aljihu.

Ya ce, "Alhaji, kai ma ya kama ka?"

Na ce, "Ya kama ni, ya zaunar."

Nas ɗaya ke duba mu, ita ce ta yanke mana hukuncin tafiyar ƙasa kowace safiya. Sai muka riƙa yi tare, mu zaga filin unguwa muna haki, karnukan Turawa na wuce mu. Yana kirana Liman, ko da yake ban taɓa jan sallar da ta wuce ta gidana ba. Ni kuma ina kiransa Likita, domin yana da ilimin ciwon suga wanda babu shi a littafin kowa.

Iliminsa guda ɗaya ne: suga zaƙi ne, maganin zaƙi kuwa ɗaci. A nan ban yi masa musu ba, don ni ma haka na taso na ji. Duk mako nakan hau bus zuwa Old Kent Road in sayo shuwaka a shagon 'yan Najeriya, matata Hajiya ta jiƙa mini, in toshe hanci in shanye. Inda muka raba hanya shi ne irin ɗacin. Nawa ganye ne. Nasa baƙar giyar nan ce mai kumfa da suke kira stout.

"Liman, ka taɓa ɗanɗana ta?"

"Allah ya tsare ni."

"To ta fi shuwakarka ɗaci. Kuma ga shaida."

Shaidar ita ce 'yar na'urar gwajin jini. Duk safiyar da ya kwana da kwalba biyu a ciki, sai ya tsaya a tsakiyar fili ya zaro ta ya nuna mini lambar. Kullum tasa ƙasa, tawa sama. Ni da na kwana da tuwon semo da ruwan shuwaka ina goma sha wani abu, shi yana biyar, wani lokaci huɗu. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san huɗu bai kai goma ba. Sai in ce masa na'urar ma ta bugu ne. Ya yi dariya har da tari. A raina kuwa, gaskiya, abin yana ba ni haushi.

Matarsa, wadda duk gidan muke kira Mama, ba ta taɓa yarda a gabana cewa mijinta yana sha ba. Mace ce mai kunya, shugabar mata a cocinsu. In na yi sallama, sai na ji ƙarar firiji da motsin kwalabe kafin a buɗe mini. Ranar kwashe shara takan naɗe kwalaben a tsohuwar jarida, ta sa a jakar cefane, ta kai su kwandon wani gida can ƙarshen layi. Ina ganinta ta taga. Ni ma sai na riƙa taya ta: in na shiga ba na duban bayan kujera. Haka muka yi shekaru, tana ɓoyewa, ina yin kamar ban gani ba, kowa na ganin ya kyauta wa ɗan'uwansa.

Wata Lahadi aka yi bikin godiya a cocinsu, irin waɗanda ke cikin tsofaffin sito a Old Kent Road, daga nan aka wuce walima. Litinin da safe na sa takalmina na jira a matakala, Likita bai fito ba. Na ƙwanƙwasa. Mama ta buɗe ƙofa kaɗan, ta tare sauran da jikinta.

"Ina kwana, Alhaji. Yau ka tafi kawai, yana barci. Gajiyar biki ce."

"Mama, mutumin da ke riga ni fitowa ko ana ƙanƙara?"

"Ya yi rawa da yawa jiya."

Na juya zan tafi. Sai haushinta ya fi kunyarta ƙarfi, ta ce da ƙaramar murya, kamar da kanta take magana, "Dubi tsoho da jikoki. Ko ni bai gane ba, sai surutu yake. Ya jiƙa mini zanen gado sharkaf da gumi."

Gumi ne ya tsayar da ni. Sanyi ake yi sosai a lokacin, kuma na san Mama ba ta barin na'urar ɗumama ɗaki ta kwana a kunne. Ni kuma na san gumin nan. Wani azumi ya taɓa kama ni da la'asar, na ƙi jin maganar nas, na sha ƙwayata da sahur yadda na saba. Hajiya ta ce na zauna ina zufa ina kiranta da sunan ƙanwata.

Na ce, "Ya ci abinci jiya?"

"Ya ƙi shinkafa, wai tana tayar da suga. Nama kawai ya ci."

"Allurarsa ta suga fa?"

"Ya yi. Ba ya fasa ta."

"Mama, sai na gan shi."

Ta ce a'a. Na fahimce ta. Ɗakin kwanansu ne, ni namiji ne, baƙo, kuma Alhaji, ga warin abin da ta yi shekaru tana ɓoye mini ya cika ɗakin. A wurinmu ko ƙanin miji ba ya faɗa wa ɗakin nan haka. Na ce mata, "Ki yafe mini, in barci yake a ci ni tara." Na tuɓe takalmi na raɓa ta gefenta.

Yana kwance, idanu a buɗe amma ba kowa a cikinsu, fuska ta yi fari-fari, singileti ta manne a jiki. Na ce, "Likita!" Ya dube ni ya ce wai in matsa baya fasinja na son sauka. Duk wanda ya gan shi, ya kuma shaƙi ɗakin, zai ce a bar shi ya wartsake. Na ɗauko na'urarsa a gefen gado na soki yatsarsa. Lambar ta fito biyu da 'yan kai. Wannan karon ban yi kishinta ba.

Mama ta kira motar asibiti, ta sa wayar a speaker. Matar da ta ɗauka ta tambaya ko yana iya zama ya haɗiye abu, ta ce in ba ya iyawa kada mu sa masa komai a baki. Muka tayar da shi zaune, ya iya. Ta ce a ba shi abin sha mai zaƙi. Gidan mai ciwon suga kuwa, Mama ta kori zaƙi kaf, har lemon da ke firiji marar suga ne. Na ruga flat ɗina ba takalmi. Hajiya na ɓoye lemon kwali na jikoki a bayan buhun shinkafa, tana zaton ban sani ba. Na ɗauko shi a gabanta, ta biyo ni da mayafi a hannu.

Kaɗan-kaɗan muka ba shi, Mama na riƙe da kansa. Kafin masu motar su hawo bene, idonsa ya fara dawowa. Ya dube ni sosai, ya dubi gadon, ya ce, "Liman, me kake yi a ɗakin matata?"

A asibiti aka yi sa'a, ko rashin sa'a a wurinsa, likitar da ta zo 'yar Katsina ce, ba ta fi sa'ar 'yata ba. Babu damar ɓuya a bayan Turanci. Ta gaishe mu har da rusunawa, sannan ta ce, "Baba, kana shan giya?"

Mama ta buɗe baki, na ga "a'a" ta taho. Ta dube ni.

Na ce, "Mama, kwandon ƙarshen layi ya gaji. Tagata tana kallonsa."

Ta rufe fuska da gefen ɗankwali. Na zaci kuka take, ashe har da dariya a ciki. Sannan ta faɗa wa likitar komai, har wanda ba a tambaye ta ba.

Maƙwabcina Likita, daga kan gadon asibiti, ya yi ƙoƙarin kare iliminsa. Ya kawo zancen ɗaci, ya kawo shaidar na'ura. Yarinyar ta saurara har ya gama. Ta ce na'urar ba ta yi ƙarya ba, shi ne ya karanta ta a juye. Ga yadda na riƙe bayaninta. Hanta ita ce ma'ajiyar suga a jiki. In mutum ya kwanta ba abinci a ciki, ita ke sakin suga kaɗan-kaɗan har gari ya waye. To da giya ta shigo, sai hanta ta bar wannan aiki ta koma fama da ita. Allura kuwa ba ta san an yi baƙo ba, tana nan tana janye suga daga jini. Da farko giyar na iya ɗaga suga, amma bayan sa'o'i, har zuwa washegari, sai ya faɗi, balle ga wanda ya yi rawa bai ci abinci ba. Ta ce abin da ya fi ba ta tsoro shi ne faɗuwar suga da maye kamarsu ɗaya, sai iyali su ja ƙofa su ce a bar shi ya yi barci.

Mama ta kama hannun mijinta ta riƙe.

Ni kuma, don in sassauta zaman, na gyara murya na ce ai shi ya sa mu muka tsaya a kan shuwaka. Likitar ta ce, "Baba, shuwaka a miya tana da daɗi. Kana shan ƙwayarka dai?" Maƙwabcina, da ruwan da aka ɗaura masa a hannu, ya yi dariya har na'urar gefensa ta yi ƙara.

Ba zan ce ya daina ba, don bai daina ba, kuma ni ba limaminsa ba ne. An rage masa allura, shi kuma ya rage kwalba. In zai sha, ɗaya ce, sai da abinci a ciki, ya gwada jini kafin ya kwanta, lemon kwali na ajiye a gefen gado. Ya daina kiranta magani. Kwalaben yanzu a kwandon gidanmu Mama ke zuba su, ba jarida, kuma ƙararsu ba ta kai ta da ba.

Bayan an sallamo shi, Mama ta zo har ƙofata da safe, ta gaishe da Hajiya, ta miƙo mini makullin ƙofarsu.

"Alhaji, ranar da bai fito ba, ko na ce maka barci yake, ka shiga."

Daga bayanta na ji muryarsa yana ɗaura takalmi: "Amma ka yi sallama tukuna, Liman."