Babur ɗin da Zai Ɗauko Inna

Duk wanda ya san Yaya Ilu tela, to da tef ɗin awo a wuya ya san shi. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake zuwa ɗaurin aure. Har wurin gaisuwar mutuwa na gan shi da shi, ya dai cusa cikin riga, bakin yana leƙowa. Mutumin nan sam bai yarda da ido ba. Ka kawo masa doya, sai ya auna. Ranar sunan Sadiyata, kafin ya yi wa jaririya addu'a sai da ya miƙar da ita ya auna, ya ce, "Auta, inci ashirin. Ba laifi, kin yi ƙoƙari."

Ni ce Autar, ƙanwarsa ciki ɗaya. Tunda ku 'ya'yansa kun matsa sai na rubuta muku labarin babur ɗin nan, to ga shi. Amma ku sani, ku dariya kuke yi, ni har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Lokacin ba a daɗe da fara kashe naira ba. Gyaɗi-Gyaɗi gidaje ne tsilli-tsilli, in ka wuce layinmu gonaki ne har Tarauni. Innarmu tana ƙauye, yanar ido ta rufe mata ido biyu. Mun kawo ta asibitin ido da rani, likita ya duba ya ce yanar ba ta nuna ba tukuna, a dawo da ita tsakiyar watan Agusta a cire. Ya ja mana kunne cewa in aka bari ta wuce lokaci, idon na iya tafiya gaba ɗaya. Na roƙi Inna har da kuka ta zauna wurina. Ta ce awakinta fa? Gyaɗarta fa? Ta koma abinta.

Ƙauyenmu kuwa da ruwa ya sauka mota a bakin titi take tsayawa, sauran mil bakwai taɓo ne da rafi. Gwiwar Inna ba ta tafiya. Jaki kuma ta rantse ba ta ƙara hawa tun ranar da wani ya kayar da ita.

Ana haka Yaya ya shigo gidana wata safiya, ko zama bai yi ba.

"Auta, babur zan saya. Na daji. Ni zan ɗauko Inna."

Na saki ludayin da ke hannuna. "Yaya, kai da ko tayar da babur ba ka iya ba?"

"Keken ɗinkin ma da shi aka haife ni?"

Baban Sadiya, maigidana, ya ce to in dai da gaske yake, ya je babban kamfani cikin gari, can ne ake da zaɓi. Yaya ya dube shi sama da ƙasa.

"In ya mutu mini a tsakiyar rafi, mai kamfanin zai naɗe wando ya zo? Alhaji Tanimu kuwa na san ƙofar gidansa, na san awon wuyansa. Ina zai gudu?"

Alhaji Tanimu shi ne mai sayar da babura a Tarauni, wani mutum mai jiki da haƙuri, Allah ya jiƙansa. Rumfar kwano ce kawai gare shi, shi ke sayarwa shi ke gyarawa. Baburan daji uku ne a wurinsa, masu dogayen ƙafafu da taya mai haƙora. Akwai ja, dogo, ƙararsa kamar injin niƙa. Akwai shuɗi, bai kai shi tsawo ba amma mazauninsa ya fi faɗi. Sai wani baƙi ɗan Ingila mai nauyin bijimi.

Jama'a, mako uku cur Yaya bai buɗe shagonsa ba! Masu ɗinki na sintiri, shi yana kwance a ƙasa ƙarƙashin babur yana auna tazarar inji da ƙasa. Ya auna mazauni, ya auna taya, ya ƙirga haƙoranta ɗaya-ɗaya. In an kawo wa Alhaji abincin rana, tare suke ci. Baƙin ne ya fara faɗuwa jarrabawa.

"Alhaji, ina fulogin wannan?"

"Sai an aiko daga Ikko."

"Sarƙarsa fa?"

"Ita ma Ikko."

"To a mayar da shi Ikko wurin danginsa. Ja da shuɗi fa?"

Alhaji ya nuna masa bango, ga kayansu nan rataye. Yaya ya ce, "Yauwa, waɗannan 'yan gida ne."

Alhaji ya ce, "Malam Ilu, wallahi ko da zan auri uwargidana ban yi irin wannan binciken ba."

"Shi ya sa kullum miyar ba gishiri," in ji Yaya, yana lashe hannu.

Alhajin dai shi ya koya masa tuƙi a filin bayan rumfa. Ba zan faɗi yawan dangar mutane da ta kwanta ba, don wasu masu dangar jikokinsu na nan.

Ana nan ya hau mota ya je ƙauye, damina ba ta kankama ba. Inna ta ce tana zaune tana ɓarar gyaɗa, sai ji ta yi an ɗaga ta cak sama, an jijjiga, an ajiye. Ta ce, "Ilu, haukar ce ta motsa?" Ya ce a'a, gaisuwa ce. Ashe nauyinta ya je ji! Da ya dawo ya samu buhun gero, ya yi ta rage shi da kwano yana ɗagawa, har ya ji ya yi daidai da Inna a hannunsa. Sannan ya zo ya ari zanena da mayafi. Na ɗauka awo zai ɗauka ya yi mini ɗinkin sallah, har na yi godiya.

Bayan la'asar ina tankaɗe, sai ga maƙwabciyata Hajiya Dudu ta faɗo gidan ba sallama, ɗankwali a hannu.

"Maman Sadiya, ki yi haƙuri! Ilu ya kayar da wata tsohuwa a kududdufi, ko motsi ba ta yi!"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ban san sanda na fita ba takalmi ba. Na isa bakin kududdufin da ke hanyar Tarauni, mata sun taru ana salati, wasu har sun fara kuka. Na hango zanena, na hango mayafina cikin taɓo. Na kutsa cikin matan. Ga Yaya tsaye, jan babur a kwance gefe, yana rubutu a bayan kwalin ashana.

"Yaya, wa ka kashe?"

"Ba kowa. Jan nan yana tsalle da yawa. Karo na biyu ke nan da ya zubar da ita."

Wani dattijo ya yi ƙarfin hali ya ɗaga mayafin, sai ga gero. Hajiya Dudu ta share hawaye ta ce, "Allah ya isa kukana, Ilu." Ya ce mata kuka ba ya ɓaci, ta ajiye na gaba. Mako guda ban yi masa magana ba.

Shi kuwa ko a jikinsa. Abin da ya dame shi daban: buhu ba ya magana, ba zai faɗa masa inda ya ji zafi ba. Sai ya koma wa Alhaji Tanimu.

"Alhaji, kai ka ce duka biyun lafiyayyu ne?"

"Ƙwarai kuwa."

"To hau baya."

Bawan Allahn nan ya yi ta zillewa, Yaya ya ce mai tuwo ma yakan ɗanɗana kafin ya miƙa wa baƙo. Ni kuma ya aiko a kira ni, wai sulhu za mu yi. Na je da Baban Sadiya, ya tsayar da mu ƙarƙashin mangwaro a bakin wata gona da ba a shuka ba, duk kunyoyi. Ya ce in fito da carbina.

"Duk sanda kika ji Alhaji ya yi salati, ki ja ɗaya."

"Yaya, ka ji tsoron Allah! Carbi fa?"

"Ambaton Allah za ki ƙirga, da me ake ƙirga shi?"

Na fito da carbin. Suka hau ja. Ya Rabbi! Babbar rigar Alhaji ta cika da iska, hularsa ta yi gabas, shi yana sama yana ƙasa, muryarsa har unguwar Daurawa. Na ja goma sha tara. Suka dawo, Alhaji ya roƙi ruwa, Yaya ya ce sai an gama. Suka hau shuɗi, suka bi kunyoyin nan dai. Na ja shida.

Yaya ya sauka ya ce, "Shuɗi ya ci. Salatin nan shida, nawa ne daga ciki na gaske, Alhaji?"

Alhaji na zaune dirshan a ƙasa ya ce, "Huɗu. Biyun na ƙarshe godiya ce da na ga mun tsaya."

A nan aka yi ciniki, amma da sharaɗi: ranar ɗauko Inna, Alhaji zai bi shi a kan jan da jakar kayan gyara. Alhaji ya ce ina aka taɓa sayar da babur har da mai shi? Yaya ya ce to a fasa. Da Alhaji ya ji daga bakina cewa batun idon tsohuwa ne, sai ya ce wa Yaya, "Ai da ka faɗa tun farko. Tawa uwar haka ta rasu ba ta gani. Zan je." Mako uku suna cin abinci kwano ɗaya, Yaya bai taɓa faɗa masa dalili ba!

Ranar ta zo, saura kwana biyu a ga likita, an kwana uku ana ruwa. Suka tafi da sassafe. Ni dai tabarmar sallah na shimfiɗa, girkin ranar ma ƙonewa ya yi. Abin da ya faru can Alhaji ne ya ba mu labari. A tsakiyar rafi shuɗin ya sha ruwa ya mutu. Alhaji ya naɗe wando, ya shiga har gwiwa, ya canza fulogi, ya tashe shi. Yaya na tsaye yana cewa, "Ina ma Baban Sadiya na nan ya gani."

Suka isa gida. Yaya ya ɗinka wani matashi mai laushi ya ɗaura a mazaunin baya, ya ce, "Inna, bismillah." Inna ta shafa babur, ta ji zafin inji, ta janye hannu.

"Wa zai ja wannan abin?"

"Ni mana, Inna."

"Kai? Kai da ka faɗa rijiyar gidan nan sau biyu da rana tsaka? Gara in makance."

Kun ji fa! Ya auna komai a duniya, bai tambayi mai hawa ba. Ya yi lallashi, ya yi rantsuwa, ya ba ta labarin buhu, abin ya ƙara lalacewa. Can ta ce, "Wane ne wancan mai numfashi kamar bijimin sa?" Aka ce Alhaji Tanimu ne, mai sayar da baburan.

"Shi ya san halinsu ke nan. Yana da 'ya'ya?"

"Tara, Inna," in ji Alhaji.

"To kai ba za ka so mutuwa ba. Kai za ka ɗauke ni."

Dab da magariba na ji ƙara a bakin layi, na fito da gudu. Ga Alhaji Tanimu a kan shuɗi, taɓo har gemu, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ga Inna a baya ta riƙe rigarsa, tana ba shi labarin farashin gyaɗa. Can baya kuma ga Yaya a kan jan da ya kushe, ya goya akuyar Inna mai ciki da zane, don ta ce ba ta tafiya ta bar ta. Akuya na kuka, Yaya na salati. Na tsaya baki buɗe, na kasa dariya na kasa kuka.

Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Ranar da aka kwance mata ido muka dawo gida, ta ce a nuna mata abin da ya kawo ta. Yaya ya turo shi tsakar gida yana ta washe baki. Inna ta zagaya shi, ta dubi tsawonsa, ta dubi haƙoran tayar, ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Wannan na hau? Ilu, da ina gani da ko da sarƙa ba ku ɗora ni ba."

Sai ta juyo ta dube shi. Ta daɗe tana kallonsa, shekara uku rabon da ta ga fuskarsa. Ta kama kumatunsa da hannu biyu ta ce, "Yaushe ka yi furfura, ɗan nan?" Yayana, mai amsar kowace magana, ya buɗe baki ya rufe. Ya durƙusa ya kifa kansa a gwiwarta, kafaɗunsa na rawa. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar.

Inna ta ƙara shekara goma sha ɗaya tana gani. Da idonta ta ga yawancinku, da hannunta take zura zare a allura.

Ya Allah, bawanka Ilu ya ba mu tsoro, ya ba mu dariya, amma bai bar mahaifiyarsa cikin duhu ba. Kada ka bar shi cikin duhu. Ka haskaka kabarinsa, da na Inna, da na Alhaji Tanimu, ka yafe musu, ka haɗa mu da su a gidan rahama. Amin.