Randar Kaka ta Biyu

Jiya a ofis na sa cokali a baki ina jiran shayi ya huce, sai ɗanɗanon ƙarfe ya taɓa mini harshe. Na tofar, na ture kofin. Abokiyar aikina ta ce ko ciki ne. Ba ciki ba ne, randar kakata na tuna.

Ni ba na son dogon zance, don haka ku saurara. A gidanmu na Tamale, shekarun da aka sauke tutar Turawa, randa biyu ce a ɗakin Kaka. Ta farko ta kowa da kowa, ruwan tafki ne ja kamar koko. Ta biyu tana da murfin faifai da moɗarta daban, kuma yaro bai isa ya taɓa ta ba.

Abin da muke tsoro a ruwa ɗaya ne: kurkunu. Da damina za ka ga ƙato zaune a gindin bango yana naɗe farar tsutsa a tsinke daga ƙafarsa, gonarsa na can ciyawa ta cinye. Shi ya sa duk ruwan da ya shigo gida sai Kaka ta tace shi da farin ƙyalle, ta ɗaga ƙyallen a rana ta duba. Abin da ya bari a ƙyalle shi ne hukuncinsa.

Can bayan unguwar Kaladan akwai ramin da Turawa suka haƙa suna neman wani dutse, suka tafi suka bar shi. Da aka sami mulkin kai, katafila ta zo ta cike shi, aka raba wa mutane filin noma. Har ganga aka buga. Gefe ɗaya ya lotsa, ruwa ya taru. Ban taɓa ganin ruwa irinsa ba. Kana hangen tsakuwar ƙasa, jajaye kamar an shafa musu manja. Ba kwaɗo, ba gansakuka, ba ko sauro. Kaka ta tace shi, ƙyalle ya fito fes. Ta ɗaga hannu sama ta ce Allah ya tuna da mu.

Nisa ya sa ba a iya ɗebo na kowa, sai ya zama ruwan girmamawa. Na baƙo ne, na Kaka, da na ƙanena. Shi ne namiji na farko bayan mu mata, ana yaye shi a lokacin, da ruwan nan ake dama masa koko. Mu kuwa tafki. A daminar nan kurkunu ya fito mini a idon sawu, na zauna ina kuka ina kallon ana ba shi ruwa garau a moɗa. Wata rana na saci kurɓi ɗaya. Ɗanɗanon cokali gare shi. Na ɗauka haka ruwan manya yake.

Yaron ya fara amai. Cikinsa ya riƙa murɗawa, ya daina 'yan kalmomin da ya koya. Aka ce haƙori ne, aka ce iska. Duk rubutun da aka karɓo masa, da ruwan randa ta biyu aka wanke allon. Da wanne za a wanke, na tafki?

Ranar nan Bafulatanar da ke kawo mana nono ta shigo da rana tsaka, ta sauke ƙwarya tana haki. Kaka na ji da ita, kullum suna tsokanar juna.

"'Yar Fillo, yau za ki sha ruwan mutanen birni," in ji Kaka, ta miƙa mata moɗa.

Matar ta kurɓa, ta furzar a tsakar gida.

"Iya, ina kin samu wannan?"

"Ji bakin ƙauye! Na ramin Turawa ne."

"Na rami? Shanu ma ba ya sha. In ƙishi ya kai su, su shinshina su juya. Maruƙanmu da suka sha bara, mun binne." Sai idonta ya kai kan ƙanena, yana kwance a cinyar Mma, mahaifiyarmu, wuyansa ya langaɓe. "Wannan kuna ba shi?"

Mma ta ɗora hannu a ka. Kaka ta tsaya da faifan a hannu.

"Na tace," ta ce. "Wallahi da hannuna na tace. Ba komai a ciki."

"To ai shi ne, Iya. Ba komai a ciki. Ko kwaɗo ya ƙi."

Kaka da kanta ta mirgino randar waje, ita da ba ta iya ɗaga tulu, ta kifar da ita. Ban taɓa ganinta ba ɗankwali ba sai ranar.

Ƙanena bai mutu ba. Yana nan, ya fi ni tsawo, yana zama a ƙofar gida yana yi wa masu keke murmushi. "Mma" kawai yake iya faɗi. A sakandare na koyi yadda ruwan sama ke jiƙa dutsen da aka farfasa ya kwaso dafinsa, ko an rufe shi da ƙasa. Malamin yana zane a allo, ni ina kallon tabon kurkunu a ƙafata. Rashin gata ne ya bar ni da hankalina.

Yanzu an yanka wurin fuloti-fuloti. Makon jiya na bi ta can na tarar da wani magidanci yana haƙa rijiya. Na sauka daga keke na gaya masa komai, ban tausasa ba. Ya saurara da haƙuri, ya zura guga, ya cika kofi ya ɗaga mini a rana.

"Haba ƙanwata," ya ce. "Dubi yadda yake garau."