Cikakken Finjali

Jiya a kasuwar Dira, a nan ƙasar Larabawa, ƙamshin gahawa ya tuna mini da tsohuwar da na yi jinya shekara biyu, na so ta kamar uwa. Matar wani sarkin Larabawa ce, sarauniya, kafin ya sake ta. Ni da na tashi da littattafan soyayya, na ɗauka har gobe yana kewarta.

Wata la'asar na cika mata finjali har baki, irin karamcinmu na gida. Ta daɗe tana kallon tururin.

"'Yata, a nan wanda ake so ya zauna, kaɗan ake zuba masa. Cikawa kora ce. Da hannunsa sarki ya cika mini, a gaban mata."

"Ki yafe mini, Mama, ban sani ba."

"Ni ma ban san laifina ba."

Washegari ta zuba mini da kanta, har gahawar ta malalo ta ƙona mini yatsu. A ranar aka sallame ni. Sai labarin rasuwarta na ji.

Allah ya jiƙanta, ya shayar da ita kaɗan-kaɗan a gidan da ba a kora.